Yadda Ake Kafa Cibiyar Yini Ga Masu Raunin Ƙwaƙwalwa, Har Su Koma Bakin Aiki

Ranar da asibiti ya sallami wanda ya samu rauni a ƙwaƙwalwa, 'yan uwa kan ɗauka an gama. Ƙashi ya ɗoru, ɗinki ya warke, ga shi yana tafiya da ƙafarsa. Sai bayan wata biyu ko uku a fara lura: an aike shi ya manta abin da aka ce, ƙaramar magana ta tunzura shi, ko ya wuni a zaune bai taɓa komai ba sai an ce masa tashi. Wasu su ce mutuwar zuciya ce, wasu su ce taɓin hankali. Alhali rauni ne a gaɓar da ke riƙe da tuni, da tsara aiki, da danne fushi. Yana zuwa ta haɗarin mota, faɗuwa, duka a ka, shanyewar ɓarin jiki, sanƙarau, ƙari a ƙwaƙwalwa, ko yankewar numfashi na 'yan mintuna.

Cibiyar yini wuri ce da irin waɗannan mutane ke zuwa da safe su koma gida kafin yamma. Tsarin da za a bi a nan ya samo asali ne daga Fountain House, wadda aka buɗe a birnin New York na Amurka a 1948 domin masu lalurar taɓin hankali, daga baya aka gyara shi ya dace da masu raunin ƙwaƙwalwa. Ginshiƙinsa ɗaya ne: masu zuwa mambobi ne, ba majinyata ba, kuma su ne ke tafiyar da aikin cibiyar kafaɗa da kafaɗa da ma'aikata. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan aka ɗora su.

Abubuwan da za ku tanada

Wuri: ɗaki biyu aƙalla. Babba na aiki, da ƙarami mai shiru inda mutum zai keɓe idan kansa ya ɗauki zafi. Kada ku raina wannan ƙaramin ɗakin, rigingimu da yawa a cikinsa suke mutuwa tun ba su tashi ba. Idan ɗaki ɗaya kuka samu, ku kewaye kusurwa da labule mai kauri, ku sa katifa da kujera. Ku nisanci bakin titi da duk inda inji ke ruri. Faɗin ƙofa ya kai santimita 90 saboda keken guragu. Inda akwai matakala a yi gangare, kowace santimita 1 ta tsayi a ba ta santimita 12 na tsawo. Banɗaki ya samu ƙarfen riƙewa, ƙofarsa kuma ta riƙa buɗewa ta waje, domin idan mutum ya faɗi a ciki jikinsa zai tokare wadda ke buɗewa ta ciki.

Kaya: babban allo, agogon bango mai manyan lambobi, kalanda, ƙaramin littafi mai shiga aljihu ga kowane mamba da biro ɗaure da zare, kwali na rubuta matakan aiki da ledar rufe shi, akwatin taimakon gaggawa, kabad mai kulle na fayil, abin toshe kunne, da tabarau mai duhu ga wanda haske ke damunsa.

Mutane: ma'aikata biyu a wurin a kowane lokaci, ko da mamba uku ne suka zo, saboda idan ɗaya ya raka wani asibiti dole wani ya tsaya. Ku ƙulla hulɗa da likita, da likitan gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, da ƙwararren gyaran magana, da mai koyar da ayyukan yau da kullum. Idan ba za ku iya ɗaukarsu ba, ku nemi ziyara sau ɗaya a wata ko shawara ta waya, su rubuta muku abin da za ku riƙa yi da kowane mamba.

Takardu: rajista bisa dokar ƙasarku, da takardar amincewa da mamba zai sa hannu kafin a ba kowa bayaninsa, har da danginsa.

Mataki na 1: Horar da kowa kan gaggawa kafin a buɗe ƙofa

Raunin ƙwaƙwalwa na iya jawo farfaɗiya, wani lokaci watanni ko shekaru bayan haɗarin. Kowane ma'aikaci da ɗan sa-kai ya haddace wannan: a duba agogo, a janye kujeru da abubuwa masu kaifi, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kai, a sassauta wuyan riga. Ba a danne mutum, ba a sa cokali ko yatsa a bakinsa, ba a ba shi ruwa sai ya dawo hayyacinsa sarai. Da jijjigar ta tsaya a juya shi ya kwanta ta gefe. A nemi motar asibiti idan ta wuce minti 5, ko ta maimaitu bai farfaɗo ba, ko ita ce ta farko a rayuwarsa, ko ya ji ciwo, ko numfashinsa bai daidaita ba.

Haka nan karkacewar baki, sakin hannu, laɓɓewar magana farat ɗaya, ciwon kai mai ƙaruwa da amai, ko barcin da ba a iya tashinsa: duk na asibiti ne nan take.

Mataki na 2: Tantance mai shiga

Ku zauna da mutumin, sannan da wanda ke zaune da shi, kowa daban. Dalili: rauni a gaban ƙwaƙwalwa yakan hana mutum ganin abin da ya canza a jikinsa. Zai ce muku lafiyarsa ƙalau, gobe ma zai koma aiki, kuma ba ƙarya yake yi ba, haka yake gani. Ku rubuta irin raunin da ranar da ya faru, magungunansa da lokutansu, ko yana farfaɗiya, ko yana shaƙewa idan yana ci, aikin da yake yi a da, da lambar mutum biyu da za a kira.

Kada ku tsaya a hira. Akwai wanda zai amsa duk tambayoyi daidai a ofis mai shiru, amma a ba shi aiki mai matakai biyar a cikin mutane ya rikice. Ku ba shi kwana uku na gwaji ku sa ido, gani ya kori ji. Ku lura ko yana cin karo da abubuwan da ke hagunsa, ko yana barin rabin shafi bai karanta ba. Wannan yakan faru idan raunin a ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa yake. Ku tambayi ko yana jin wari, domin duka a ka yakan kashe jin wari, kuma wanda ba ya jin warin gas ko ƙauri ba a barinsa shi kaɗai a kicin.

Ku fara da mutum 6 zuwa 8. Wanda har yanzu bai san inda yake ba, ko yake kai duka, bai kai lokacin cibiya ba tukuna. A mayar da shi ga likita, a sake dubawa nan gaba.

Mataki na 3: Fitar da buri

Burin na mamba ne, da bakinsa zai faɗa. Idan ya ce yana son komawa tuƙi alhali yana farfaɗiya, kada ku ce masa ba zai yiwu ba ku rufe magana. Ku rubuta shi a sama, ku tambaye shi me tuƙi ke buƙata: tashi da wuri, natsuwar awa biyu, sanin hanya, izinin likita. A cikinsu ku ɗauki biyu ko uku na wata uku masu zuwa.

Kowane buri ya zama abin da za a iya ƙirgawa. "Zai ƙara natsuwa" ba buri ba ne. "Zai shirya kwali 10 cikin minti 30 da tunatarwa ɗaya kacal, kwana huɗu cikin biyar" shi ne buri, domin ko wane ma'aikaci ne ya duba zai san an kai ko ba a kai ba.

Mataki na 4: Tsara yini a kan gajiya

Babu abin da ke rusa shiri kamar gajiyar ƙwaƙwalwa. Ba irin ta wanda ya yi dako ba ce. Mutum na iya zama a kujera yana sauraron hira kawai, bayan minti 40 ya ji kamar an zare masa batir. Alamominta: kurakurai sun ƙaru, magana ta fara sarƙewa, yana murza ido, ya yi shiru ko ya fara faɗa. Idan kun jira sai ya ce ya gaji, kun makara.

Ga tsari da za ku fara da shi. Ƙarfe 9:00 isowa da sa hannu a rajista. 9:15 taron safe na minti 15, a karanta rana da kwanan wata, a rubuta ayyukan yau a allo, kowa ya zaɓi nasa. 9:30 zuwa 12:00 aiki, da hutun minti 10 bayan kowane minti 30 zuwa 45. Sai abinci da hutun awa ɗaya. Da rana aiki mai sauƙi ko motsa jiki. 2:30 taron rufewa, kowa ya rubuta abin da ya yi a littafinsa.

Aiki mai cin tunani da safe ake sa shi. Hutu kuma hutu ne: ba waya, ba talabijin, ba hira. Sabon mamba ya fara da rabin yini sau biyu a mako, a ƙara masa ɗaya daga cikin biyu, ko awa ko kwana, ba duka a lokaci guda ba. Ku tambayi gida yadda yake kwana: idan ya koma ya kwanta har washegari bai iya komai ba, kun yi masa yawa ko da a cibiya ya yi kyau. Jadawalin kuma kada ya riƙa sauyawa. Idan dole ne, a sanar tun kwana ɗaya kafin nan, a rubuta a allo.

Mataki na 5: Raba aikin cibiya

Ku kasa aikin cibiyar sashe uku: ofis da tarbar baƙi, kicin, sai gyara da tsafta da lambu. Sharaɗin shi ne aikin ya zama na gaske, wanda idan ba a yi ba za a ji a jiki. Idan mai rajista bai ƙirga mutane ba, kicin ba zai san yawan abincin da zai dafa ba. Wannan ne ke sa mutum ya ji ana jiransa. Magidanci mai shekara 45 da ya riƙe iyali, a ajiye masa fensir mai launi da wasan yara, ba zai dawo mako na biyu ba, kuma da gaskiyarsa.

Ma'aikata su yi ƙaranci da gangan, yadda aikin ba zai ƙare ba sai da hannun mambobi. Babban kuskuren sabon ma'aikaci shi ne tausayi: ya ga mamba na fama da kulle ambulan sai ya karɓa ya gama masa. Ya taimaka na minti ɗaya, ya kashe masa zuciya na wata guda.

Mataki na 6: Koyar da aiki

Nan ne ƙwarewar take, don haka a bi a hankali.

Da farko ku yi aikin da kanku, wani na rubuta kowane motsi. Amsa waya, alal misali: ɗaga, gaisa ka faɗi sunan cibiya, tambayi sunan mai kira, rubuta, tambayi saƙo, rubuta, maimaita masa saƙon, ajiye takardar a tire. Mataki takwas ke nan a abin da kowa ke ɗauka ɗaya ne. A rubuta su da manyan haruffa, layi ɗaya mataki ɗaya, a manna daidai inda ake aikin. Wanda ba ya karatu, ko raunin ya taɓa masa harshe, a ɗauki hoton kowane mataki da waya a jera masa. Mai mantawa da hagu a ja masa jan layi mai kauri a gefen hagu na katin, a koya masa nemo layin kafin ya fara.

Na biyu, kada ku bar shi ya yi canki-canki. Mai lafiya yana koyo daga kuskure saboda yana tuna cewa an gyara masa. Mai raunin tuni yakan manta gyaran, hannunsa kuma ya riƙe kuskuren, gobe ya maimaita shi. Saboda haka ba a ce masa "ka tuna me ke biye?" Ana faɗa masa amsar ya yi, idan aka ga hannunsa ya nufi kuskure a tare shi kafin ya kai. Ku yi yarjejeniya da shi tun farko cewa idan bai tabbata ba ya duba kati ko ya tambaya.

Na uku, idan aikin na da tsawo ku fara daga ƙarshe. Ku yi mataki bakwai, shi ya yi na takwas. Ya ƙware, ku yi shida ya yi biyu. Ta haka kullum shi ke kammalawa, kullum yana ganin aiki ya fita daga hannunsa.

Na huɗu, ƙaramin bayani kamar inda ake ajiye makulli, a bi shi da tazara: a faɗa, a tambaya bayan daƙiƙa 30, sai minti 1, 2, 4, 8. Ya kuskure, a ba shi amsa nan take a koma tazarar da ya ci a baya.

Na biyar, ku auna taimakonku da lamba. 5: an riƙe hannunsa. 4: an nuna masa. 3: an faɗa da baki. 2: an yi nuni ga kati. 1: shi da katinsa kawai. Kullum a rubuta lambar a fayil. Ya yi daidai sau uku a jere, a sauka hawa ɗaya. Idan mako uku sun wuce lambar ba ta motsa ba, ko matakin ya yi girma a sake raba shi, ko lokacin ne bai dace ba, ko ma'aikata na koyarwa ta hanyoyi daban-daban. Na ƙarshen nan shi ya fi yawa. Kati ɗaya, kalmomi ɗaya, ga kowa.

Wanda ba ya iya fara abu da kansa, ba lalaci ba ne, makunnin ne ya samu matsala. Ƙararrawar waya da saka masa kayan aikin a hannu sun fi dogon wa'azi. Mai wahalar magana kuwa, a yi masa gajerun jimloli, tambaya ɗaya mai amsar i ko a'a, a jira daƙiƙa 10 cur kafin a ƙara. Ba a ɗaga masa murya, kunnensa lafiya lau.

Mataki na 7: Littafin tuni

A raba littafin huɗu: bayanin kai da lambobi, jadawalin yau, abin da za a yi, abin da aka yi. Miƙa littafin ba ya wadatarwa, domin mai mantuwa zai manta yana da shi. A ɗaure buɗe shi da lokuta tsayayyu: taron safe, bayan kowane hutu, taron rufewa, da kafin barci a gida. Ma'aikata su daina amsa "yau me za mu yi?", su ce "me littafinka ya ce?" Wanda ya saba da waya tun kafin raunin, kalandar waya da ƙararrawa sun fi masa. A zaɓi ɗaya dai. Littafi da waya da takardu a bango duk a tare rikici ne.

Mataki na 8: Fushi da katoɓara

Duk lokacin da wani abu ya faru a rubuta uku: me ya gabata, me ya yi, me ya biyo baya. Bayan mako biyu za ku ga zaren, galibi hayaniya ce, ko yunwa, ko ƙarshen yini, ko gyara a gaban mutane. Sai a gyara sanadin. A lokacin da abin ke ci, mutum ɗaya ya yi magana, da murya ƙasa, ba gardama, a buɗe masa hanyar ɗakin shiru. Maganar abin da ya faru sai ya huce, a keɓe. Mai sakin magana marar kyau ku yi yarjejeniya da shi kan wata alama ta sirri da za ta tsayar da shi, kamar taɓa agogo.

Ku sa ido kan baƙin ciki mai tsanani, yana yawan biyo bayan wannan rauni. Duk wanda ya ambaci gajiya da rayuwa, ba a barinsa shi kaɗai, a haɗa shi da likita a ranar. Giya da ƙwayoyi kuma suna ƙara haɗarin farfaɗiya da faɗuwa.

Mataki na 9: Hanya da kuɗi

Hanya ɗaya ake koya a lokaci guda, daga gida zuwa cibiya. Ku bi ta tare kuna nuna alamomi, sai shi ya ja gaba, sai ku biyo shi daga nesa, sai ku haɗu a ƙarshe, daga nan ya kira idan ya isa. A aljihunsa a samu kati mai sunansa, da lambar kira, da layi ɗaya da ke bayyana raunin, saboda tangaɗi da laɓɓewar magana kan sa a ɗauka maye ne. Ku gwada masa ɓata da gangan: me zai yi idan ya wuce inda zai sauka?

Kuɗi a fara da na yini ɗaya, sai na mako a ambulan-ambulan. A kafa doka: ba ya sa hannu a takarda ko ya ba da rance sai ya kwana a kai ya shawarci mutum ɗaya da ya zaɓa da kansa.

Mataki na 10: Komawa aiki

Kada ku jira sai ya "warke sarai". Abin da aka koya a cibiya ba ya bin mai raunin ƙwaƙwalwa zuwa sabon wuri da kansa, don haka a nemo aikin, a koya masa a can. Alamar ya shirya: yana zuwa a kan lokaci, yana awa uku da hutu ba tare da ya rushe washegari ba, yana karɓar gyara.

Ma'aikacin cibiya ya je ya yi aikin da kansa kwana ɗaya ko biyu, ya rubuta katin matakai. Ku zauna da mai wurin, da izinin mamba kan abin da za a faɗa, ku nemi abubuwa takamaimai: awa 2 zuwa 3 sau uku a mako da farko, umarni a rubuce, shugaba ɗaya da zai riƙa ba shi aiki, kusurwa mai shiru, hutu tsayayye. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman ta 2006, a sashe na 27, ta tanadi irin wannan sassauci a wurin aiki; ku duba yadda dokar ƙasarku ta ɗauke shi. A biya shi daidai da kowa. Hawa sama, injin yanka da tuƙi sai da izinin likita.

Makon farko mai rakiya na tsaye tare da shi, na biyu rabin lokaci, daga nan leƙe, daga nan waya. Tsohon aikinsa ba lallai ne ya fi sauƙi ba, domin a can kowa na auna shi da yadda yake a da. Idan babu mai ɗauka, a fara da aikin sa-kai mai wa'adi, ko ƙaramar sana'a da wani amintacce zai riƙe lissafinta.

Aiki ya fi lalacewa ne bayan watanni, lokacin da aka canza shugaba, ko aka sauya jadawali, ko aka ƙara masa nauyi don an ga yana ƙoƙari. Ku bar wa mai wurin lambarku, ku riƙa kira duk wata ko ba a neme ku ba. Idan aikin ya kuɓuce, sunansa na nan a rajista: washegari ya dawo sashensa, ku buɗe fayil ku duba a wane mataki abin ya karye, daga nan za a ɗora.